Jan Gashi a Gaban Motar Mai Falo

Ɗinkin kujerun mota ne sana'ata, kuma tun da na fara riƙe almakashi ban taɓa ganin motar da ta raba kan jama'a kamar ta mijin yayata ba. Tasi yake ja. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, Mai Falo kowa ke ce masa, saboda in ka buɗe ƙofar motarsa sai ka rasa ko shiga za ka yi, ko sallama za ka fara yi ka tuɓe takalmi.

Bari in zayyana maka ita, don kada ka ce sharri nake masa. A kan dashbod, wato gaban motar a ƙarƙashin gilashi, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, an shimfiɗa wani yadi mai gashi, ja zur, irin jan da ke sa ido ya kawo ruwa. An zagaye bakinsa da geza rawaya. Sitiyari ma da tasa rigar ta wannan yadin. Gilasan baya suna da labule, kujerar baya tana da filo a kowane gefe, ga furen roba an soke a ramin iska. A jikin madubi kuma akwai ɗan kifin katako da bai wuce tsawon yatsa ba, yana lilo a dogon zare. Duk lokacin da aka taka birki sai kifin nan ya bugi gilashin gaba, ƙwas.

Fasinjoji kashi biyu ne. Akwai tsofaffin mata da ke barin motoci su wuce su jira tasa, wai ita ce ke da mutunci. Akwai kuma masu leƙowa su ja tsaki su juya. Wani ma'aikacin ofis ya taɓa ce masa, "Malam, ofis za ni, ba ɗakin amarya ba." Wata kuma ta yi ta atishawa tun daga tasha har inda ta sauka, tana cewa gashin nan ya tara ƙurar duniya. Ni kuwa ina cikin masu tsakin, kuma nawa ya fi na kowa tsawo, domin duk wanda ya san ni ƙanin matarsa ne sai ya ce, "Tela, aikinka ne wannan?" Abin haushin, aikina ne.

Amma ba shi ya kawo mini aikin ba. Mai Falo a da ko sitika ba ya yarda a manna masa. Mutum ne dogo, siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa, tuƙinsa kamar yana ɗauke da ƙwai. Ba ya danna hon sai dole. In ya ga motar da aka cika wa tarkace sai ya girgiza kai ya ce mota abin neman abinci ce, ba ta buƙatar kwalliya. Da shi da yayata 'ya'yansu biyu: babban namiji, muna ce masa Bahago don da hagu yake komai, sai ƙanwarsa wadda daga baya ta yi karatun jinya, kowa ya koma kiranta Nas.

Bahago kafinta ne, ga hannu ga son wasa. Shekarar da ya gama koyon aiki, zazzaɓi ya kwantar da babansa na 'yan kwanaki, mota na ajiye a ƙofar gida. Sai ga shi a shagona da ƙunshi a hammata, yana dariya tun daga nesa. Ya warware mini jan yadin nan a kan tebur.

Na ce, "Kai, wane ɗan tsiya ne ya sayar maka da wannan?"

Ya ce, "Kawu, ni na zaɓa da kaina. Motar Baba za mu yi wa sutura kafin ya tashi."

Na ce, "So kake zazzaɓin ya dawo masa sabo?"

Ya dafa kafaɗata yana lallami, Kawu kaza, Kawu kaza, har na sa tef na auna. Na ɗinka ina zaginsa, shi kuma yana zaune a kan tsohon soso yana sassaƙa ɗan kifin nan da wuƙa a hannun hagu.

Ranar da Mai Falo ya samu ƙarfin fitowa, muna tsaye muna kallonsa. Ya buɗe ƙofa, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce, "Wa ya yanka rago a cikin motata?" Yayata ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi ko murmushi bai yi ba, ya ce gobe-goben nan za a kwashe.

Bahago ya ce, "Haba Baba. Yanzu fa ko cikin mota dubu ka shiga, daga nesa zan gane taka."

Goben nan ba ta zo ba. Ba don yana son kayan ba, don dai kada ran yaron ya ɓaci. Ni ya gaya wa a asirce cewa yana jiran Bahago ya yi tafiyar da yake shirin yi, daga baya ya kawo mini motar in tuɓe ta tas.

Tafiyar ta neman aiki ce. An ce akwai wani gari mai nisa da ake ta gine-gine, ana neman kafintoci, ya bi wasu abokansa. Babansa ne ya kai shi tashar manyan motoci. Da ya sauka ya zagayo ta wajen direba, ya ƙwanƙwasa gilas da bayan yatsunsa na hagu, kamar yadda ya saba yi duk ranar da ya tare babansa a hanya yana son a rage masa hanya zuwa gida. Ya ɗaga hannu ya shige cikin mutane.

Da farko yana kira, yau da wayar wannan, gobe da ta wancan. Sai kiran ya fara nisa. Sai ya tsaya. Abokan da suka tafi tare suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa labarin: wannan ya ce ya wuce gaba da wata mota, wancan ya ce ya bar shi ba shi da lafiya amma yana samun sauƙi. Mai Falo ya je garin da kansa, ya bi asibitoci da ofisoshin 'yan sanda da wuraren gini, ya dawo da ƙafafu a kumbure, babu ko wanda ya ce ya ga mai kama da shi.

Daga nan abubuwa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kamar da gangan. Wani fasinja ya zare wa Mai Falo waya daga aljihu, kafin ya gama zirga-zirgar dawo da layin an ba wani. Aka zo faɗaɗa titi, aka rushe layin gidajen hayar da suke ciki, maƙwabta suka watse kowa ya kama gabansa. Shagona ma a rusau ɗin ya tafi, na koma can bayan gareji. Aka tashi tsohuwar tashar tasi aka mai da ita wani gefen gari. In Bahago ya dawo yau, babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa, babu lambar da zai kira, babu fuskar da ya sani a inda ya bar mu. Abu ɗaya ya rage a garin nan kamar yadda ya bar shi, shi ne jan gashin nan da geza rawaya a bayan gilashin gaba.

Shi ke nan maganar tuɓe mota ta mutu. Mutumin da ya ce an yanka masa rago a mota ya koma kullum da safe sai ya taje gashin nan da mataji, ya kakkaɓe geza, ya gyara labule. Da tsohuwar motar ta gaji injinta ya buga, ya samo wata mai irin fentinta, ya kawo mini ya ce in kwashe komai in mayar, kowane abu a mazauninsa.

Na ce masa, "Yaya, don Allah ka yi tunani. Mutum mai hankali in ya dawo gari ai tambaya zai yi. Ya shiga tasha ya ce ina Mai Falo, wa bai san ka ba?"

Ya dube ni ya ce, "Wa ya gaya maka da hankalinsa zai dawo?"



Ya ƙara da cewa, "Ko da hankalinsa ne, na san ɗana. In hannu biyu ya dawo ba komai, ba zai tambayi kowa ba, kunya za ta hana shi. Tsayawa zai yi a bakin titi yana kallon motoci."

Akwai ranar da na shiga motar ya rage mini hanya zuwa kasuwar yadi. Rana tsaka ce, ga cunkoso, ga zafi. Na lura ba titi kawai yake kallo ba, duk namijin da ke tsaye a gefen hanya sai ya rage gudu ya dube shi. Muna cikin tafiya sai na ji ƙwas a gilas. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi, na waiwaya ta tagarsa, ba kowa. Shi ma ya waiwaya. Kifin nan ne ya bugi gilashi.

Na ce, "Kawo in rage zaren nan, kullum yana firgita mutane."

Ya ce, "Bar shi. Haka ya ɗaura shi."

A cikin gida kuwa kayan nan sun raba uwa da 'ya. Yayata ba ta cewa komai, amma ita ke wanke labulen ta goge. Nas kuwa ta tsani motar kamar ta cinna mata wuta. Tun tana makaranta 'yan ajinsu ke tsokanarta da 'yar Mai Falo, da ta fara aiki kuma ta ce gashin nan ne ke sa wa babanta tarin da ba ya jin magani. Amma ba wannan ne ainihin abin da ke cin ta ba. Ta taɓa zuwa shagona ta zauna ta ce, "Kawu, gidanmu ba a mutu ba, ba a yi rai ba. In an dafa abinci sai Mama ta rage a tukunya. In an taɓa ƙofa sai su miƙe su biyu. Ni da nake gabansu ba sa ganina." Na tausaya mata ƙwarai, kuma a lokacin bayanta nake.

Wata ranar hutu babanta ya sha maganin tari ya kwanta bayan azahar. Ta ɗauki mabuɗi, ta kwashe komai, gashi da geza da labule da filo da kifi, ta cusa a buhu. Ta wanke cikin motar fes. Yayata ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta ce da ya fito ya ga dashbod tsirara, bai yi faɗa ba. Ya zauna a ƙasa a gefen taya, ya ce, "In yau ya zo fa?"

Nas ta fashe da kuka ta ce, "Baba, ba zai zo ba! Yaya ya rasu! Ku bar mu mu yi kukansa mu huta!"

Yayata ta shiga ta ɗauko buhun, ta ɗora a ka, ta tako har shagona da ƙafa, shi kuma ya biyo ta a hankali da motar. Na mayar da komai mazauninsa. Daga ranar Nas ba ta ƙara sa ƙafa a motar ba. Ko ruwa ake tsugawa gara ta tsaya a bakin titi ta jira bas, babanta na biye da ita a hankali yana roƙonta ta gilas.

Shekaru suka tura. Rana ba ta raga wa yadi, ja kuwa shi ta fi ci. Gashin nan ya koɗe ya koma kalar tsohon bulo, geza ta yi fari-fari. Shi da yake kallonsa kullum bai lura ba. Wata rana ya kawo mini gyaran kujera, na kasa haƙuri na ce, "Yaya, wannan abin da kake tajewa fa ba ja ba ne yanzu. Ko ni da na ɗinka, in na hango daga nesa ba zan ce taka ce ba."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗi haka ba. Ya fita ya tsallaka titi, ya tsaya can yana kallon motarsa. Ya dawo ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce an daɗe.

Bai yarda a cire tsohon ba, wai hannun yaron ya taɓa shi. Muka daidaita a kan in ɗinka sabo in shimfiɗa a kansa. Na farke kalmasar gefe, inda rana ba ta taɓa shiga ba, sai ga jan nan na asali yana nan ɗanye kamar ranar da Bahago ya warware shi a teburina. Na yanki ɗan ƙyalle na zaga kasuwa da shi har na samo irinsa.

To, daga nan ne wata sabuwar fitinar ta taso. Sabon jan ya fito yana walƙiya, ana hango shi daga ƙarshen layi. A tashar akwai wani matashin direba da ake ce wa Ɗan Gayu, mai son a kalle shi, motarsa har fitilu masu canza launi gare ta a ƙarƙashin kujeru. Ya ga abin ya ce ya burge shi. Ya zo wurina na kore shi, na ce yadin ya ƙare. Ya tsallaka wurin wani tela aka ɗinka masa, har da geza rawaya. Ka san halin matasan direbobi, abin da ɗaya ya yi shi saura za su yi. Kafin damina ta wuce, abin da aka shekara ana yi wa dariya ya zama yayi. Duk inda ka juya a gari jan gashi ne a gaban tasi.

Mai Falo ya rame a tsaye. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana roƙo su canza kala, ko shuɗi ko kore, shi zai kawo yadin. Bai gaya musu dalili ba, domin ba mutum ne mai buɗe cikinsa ba, kuma yawancinsu suna yara lokacin da abin ya faru. Suka ɗauka kishi ne na tsoho. Wani ya ce masa, "Baba, kai ka ƙirƙiro ja ne?" Aka yi ta shewa.

Ranar da abin ya ƙure, mutumin da bai taɓa ɗaga murya a tashar nan ba ya zura hannu ta tagar Ɗan Gayu ya fizge yadin, ya yar a ƙasa. Aka taru. Aka kai su gaban shugaban tasha, aka aiko a kira ni tunda ni ne nasa. Na tarar direbobi sun rabu biyu a ƙarƙashin rumfa. Matasa na cewa mota ta mutum ce, in ya ga dama ya rataya mata tukunya. Tsofaffi na cewa a bar wa dattijo abinsa, amma ba wanda ya iya faɗin dalili a gabansa. Shi kuwa yana zaune a benci, kansa a ƙasa.

Ɗan Gayu na ta kumfar baki, wai sai an dakatar da tsohon daga layi. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Kai, rufe mana baki! Ka san abin da ka rataya a motarka? Adireshin gidan mutum ne!" Na zazzage musu komai, tun daga zazzaɓin har rusau. Mai Falo yana jan rigata in bari, ban bari ba.

Na duba Ɗan Gayu in ga ko kunya ta kama shi, sai na ga ba kunya ba ce, tsoro ne. Bakinsa a buɗe. Ya ce, "Baba... kwanakin baya, a danjar da ke gaban babban asibiti, wani mutum ya biyo motata da gudu."

Mai Falo ya ɗago.

Ya ce, "Danja ta tsayar da mu, sai ya ƙwanƙwasa mini gilas. Na sauke na ce ina za ka. Ya leƙo ya kalli fuskata, ya kalli madubi, sai ya ce, yi haƙuri, na ɗauka motar babana ce. Danja ta ba da hannu, na wuce. Wallahi Baba ban sani ba."

Ba wanda ya ƙara maganar dakatarwa. Mai Falo ya tashi ya ɗauki yadin da ya yar, ya kakkaɓe shi, ya miƙa wa Ɗan Gayu da hannu biyu. Ya ce, "Zo mu je gida ka gaya wa mahaifiyarsa."

Na bi su. Yayata ta shimfiɗa wa Ɗan Gayu tabarma, ta kawo masa ruwa, ta zauna a gabansa kamar mai ɗaukar karatu. Nas na tsaye a bakin ƙofar ɗaki da kayan aikinta, ba ta shigo ba, ba ta fita ba.

Yayata ta ce, "Ɗana, dogo ne?"

Ya ce, "Sunkuyowa ya yi, Mama, ban iya ganewa ba."

"Yana da jiki, ko ya rame?"

"Kamar dai kowa."

"Kayansa masu tsabta ne? Da takalmi a ƙafarsa?"

"Ban ga ƙafarsa ba."

Sannan ta ce, "Da wane hannu ya ƙwanƙwasa?"

Ɗan Gayu ya rufe ido. Ya ɗaga hannun dama ya yi kamar yana ƙwanƙwasa iska, ya sauke. Ya ɗaga na hagu. Gumi ya keto masa. Na ga yana so ya ce hagu don ya faranta mata, na kuma ga ya ji tsoron yi mata ƙarya. Ya ce, "Mama, ki gafarce ni. Danja nake kallo."

Daga bakin ƙofa Nas ta ce, a hankali, "A gaban asibitinmu ka ce?" Ya ce e. Ta juya ta koma ɗaki.

Ko shi ne, ko wani ɗan mutane ne daban da shi ma babansa ke da jan yadi a mota, Allah kaɗai ya sani. Ni har yau in na tuna sai barci ya gagare ni. Amma Mai Falo bai yi shakka ba ko kaɗan. Washegari ya zo shagona ya ce, "Tela, duk wanda ya zo neman jan nan ka ɗinka masa. Kada ka kori kowa. Amma ka gaya masa, in wani ya ƙwanƙwasa masa gilas ya ce ya ɗauka motar babansa ce, kada ya wuce. Ya buɗe masa ƙofa ya kawo shi." Mutumin da jiya yake roƙo a cire, yau ya koma bin motoci yana roƙo kada a cire. Matasan nan kuwa, in faɗi gaskiya, sun yi halin kirki. Har waɗanda suka fara gajiya da yayin suka bar nasu.

Shi kuma ya bar layin tasha. Ya koma ajiye motarsa a gefen danjar nan tun safe, gilas a sauke, yana kallon masu tsallaka titi. In fasinja ya zo ya kai shi ya dawo wurin. Masu sayar da ruwa da jarida duk sun san shi. Nas na fitowa daga aiki ta gan shi a can, ta tsaya daga nesa, sannan ta wuce tashar bas.

Tarin nan ne ya ci ƙarfinsa a ƙarshe. A asibitin ya kwanta, a hannun 'yarsa. Ina wurin da hantsi lokacin da ya ce mata, "Kada a shigar da motar gareji. A bar ta inda za a gan ta." Ta ce to, Baba. Bai ƙara wata magana mai tsawo ba har Allah ya karɓi abinsa.

Motar tana ƙofar shagona yanzu, fuskarta na kallon titi. Injinta ya daina tashi, tayoyin sun sace. Yayata ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma har yau tana rage abinci a tukunya. Ni kuma duk direban da ya zo ɗinkin jan gashi sai na ba shi saƙon. Sababbin cikinsu ba su san Mai Falo ba, wasu su yi dariya, wasu su ce to Kawu, don su rabu da ni. Yayin ma ya fara wucewa, yanzu baƙar leda mai sheƙi ake so. Kullum motocin da ke ɗauke da jan raguwa suke.

Kwanan baya ina tsakiyar yankan soso sai ga wata 'yar ƙaramar farar mota ta tsaya. Nas ce. Ta daɗe da yin motar, kuma na san cikinta, ko turaren mota ba ta ratayawa, komai fayau kamar ɗakin allura. Ta gaishe ni, ta tsaya tana kallon tsohuwar motar babanta. Na ɗauka maganar sayar da ita ta kawo.

Ta ce, "Kawu, ɗauko tef ka auna gaban motata."

Na buɗe baki in yi tsokanar da na saba, na ga idonta, na rufe.

Ta ce, "Kullum ta danjar nan nake bi, safe da yamma. Kuma ni na san fuskarsa."

Na auna. Ta ce ba ta son wani ja sai na farkon, na shiga tsohuwar motar na ɗaga sabon yadin, na ƙara farke kalmasar tsohon na yanko ƙyalle. Na ɗinka mata har da geza, ita ta riƙe mini gefe ina shafa gam. Da muka gama ta kwance kifin daga madubin babanta da hannunta, ta ɗaura a nata. Zaren ya yi wa ƙaramar motar tsawo, na miƙa hannu da almakashi, ta riƙe mini hannu ta ce in bar shi.

Ta tayar da mota, ta sauke gilas duk da zafin da ake yi. Ina tsaye ina kallonta ta gangara zuwa bakin titi. Da ta taka birki na ji ƙwas tun daga inda nake, na ga kanta ya juya da sauri wajen taga.